Kurkunu a Gwiwar Yayana

A shekarar da nake son ba da labarinta, ruwan shuka ya sauka da wuri a Matameye. Muka yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta biyo shi a guje. Muna shirin noman fari ke nan sai yayana ya fara cewa gwiwarsa ta dama tana yi masa zafi kamar an ɗora mata garwashi. Lokacin mahaifinmu ya shekara biyu da rasuwa. Maza masu riƙe hauya a gidan mu biyu ne, ni da yayan nan nawa. Sauran mutanen gidan su ne innarmu, da matar yaya, da ƴarsu da ke goye. Ni na haura shekara ashirin, ban yi aure ba tukuna.

Kwana uku yana ɗingishi, sai bororo ya taso a gefen gwiwar. Da ya fashe, muka ga wani farin abu ya leƙo daga tsakiyar gyambon, siriri kamar zaren ɗinki. Ba wanda ya tambayi ko mene ne. Kurkunu ne, kuma a garinmu ba daminar da ke wucewa bai kwantar da mutane ba.

Sai dai wurin da ya fito shi ne magana. In a idon sawu ne ko a ƙwauri, mutum ya yi jinyar ƴan makonni ya tashi. Na gwiwa shi ake tsoro. In aka yi rashin sa'a ya tsinke wurin ja, sauran yakan koma ciki, ƙafa ta kumbura ta tara mugunya, in ta warke kuma gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa. Akwai wani mai tufkar igiya a unguwarmu da haka ta same shi tun yana saurayi. Ƙafarsa a miƙe take kamar taɓarya, bai sake shiga gona ba. Ranar da muka ga zaren nan a gwiwar yaya, kowa a gidan shi ya tuna, ba dai wanda ya faɗa.

Na je na kira wanzaminmu, dattijon da ya yi mana kaciya mu duka biyu. Ya zo da zabirarsa, ya tsuguna, ya daɗe yana latsa gefen gyambon da babban yatsa.

Ya ce, "Ya iya zaɓe. Duk faɗin jikin nan naka bai ga ƙofa ba sai gwiwa."

Yaya ya ce, "Baba wanzam, sa aska ka fid da shi yau. Ciyawa na cin gerona."

"In ciyawa ta ci gero, baɗi ka sake shuka. Gwiwa fa, a wace kasuwa ake sayar da ita?"

Ya sa na kawo masa sillen kara. Ya kama bakin zaren da dabara ya ɗaura a jikin sillen, ya murza sau ɗaya, sau biyu, ya tsaya. Ya shafa man shanu a wurin, ya ɗaure sillen da tsumma a jikin ƙafar don kada ya warware.

Ya ce, "Haka za a yi kullum, safe da yamma. In ya ba ka, ka karɓa. In ya hana, ka bar masa kayansa."

Na tambaye shi, shi wai kurkunun nan mene ne, ta ina yake shiga mutum. Tun ina ƙarami ina da halin tambaya, har a gaji da ni. Ya ce ba shiga yake ba, da ma yana ciki. Jijiya ce cikin jijiyoyin jiki, kowa da tasa a kwance, in ƙasa ta jiƙe ta ji ƙamshin damina sai ta farka ta nemi hanya. Na ce to don me ta wasu ke farkawa kowace shekara, ta wasu kuwa har su mutu ba ta motsa ba?

Ya ce, "Don me wasu ke da sanƙo?" Ya rataya zabirarsa ya fita.

Innarmu kuwa nata ganin dabam ne. Ta ce gado ne daga dangin mahaifinmu, a danginta ba a san shi ba.

Saura wanda zai riƙa jan. Wanzami ba zai iya zuwa kullum ba, masu kurkunu sun yi masa yawa a wannan lokaci. Yaya ya ce shi zai ja abinsa, amma kowa ya san hannunsa. Mutum ne da in igiyar guga ta sarƙe, tsinke ta yake yi ya ƙulla. Matarsa ta yi tayi, ya ce mace ba za ta zauna tana kallonsa yana cizon tsumma ba. Inna kuma ba a ma kawo ta cikin zancen ba, domin yaya ɗan farinta ne. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba. Daga ranar da ya kwanta, sunansa a bakinta ya koma "mai ƙafar". Takan dama kunu da tsamiya yadda yake so, ta ajiye a gefena, ta ce, "Ga wannan, in akwai mai sha."

Haka aikin ya faɗo kaina. Da ma a gida hawainiya suke ce mini, don ni ke tashi ƙarshe daga kan akushi, ni ke fita ƙarshe daga kunya a gona.

Kowace safiya nakan zauna a rumfar ƙofar ɗakinsa, in ɗora ƙafar a cinyata, in kwance tsumman, in wanke gyambon, sannan in kama sillen. Ba da ido ake jan kurkunu ba, da yatsa ne. Kana murzawa a hankali za ka ji yana biyo ka, kamar saiwar ciyawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can sai ka ji ya cije. To nan za ka tsaya. Wata rana ya ba ni tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko ƙwayar gero ba zai ba ni ba. Yaya yana kwance rigingine, gumi na zuba, yana zagina a hankali don kada mata su ji.

Yakan ce, "An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To ni ne dutsen, kai ne mai dafuwar, wutar kuma a gwiwata aka hura ta."

In na gama in ɗauki hauya in tafi gona ni kaɗai. Gonarmu tana kan hanyar Dawce, da ɗan nisa. Da yamma in dawo in sake zama.

Ran kwana na shida da fara jan, mai unguwa ya yi sallama tare da wani dogari. A wancan zamani Nasara bai daɗe da zama a ƙasar ba, mota ba ta fara bin hanyarmu ba, duk kayan da za su motsa a kan mutane da jakuna da raƙuma suke motsawa. Dogarin ya ce ana son masu ɗaukar gero zuwa Damagaram, abincin soja, kowane gida namiji guda. Mai unguwa ya ce masa gidan nan mutum biyu ne, ɗaya na kwance. Dogari ya ce sai ya gani da idonsa, don a unguwar da ya baro ya sami wani ƙato ya ɗaure lafiyayyar ƙafa da tsumma har da shafa toka.

Na kwance masa. Ya duƙa ya duba, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ɗage wandonsa ya nuna mana tabo uku a ƙwaurinsa.

Ya ce, "Duka a damina guda. Sannu, maigida. Wa ke ja maka?"

Yaya ya nuna ni da haɓa.

Dogarin ya miƙe. Sannan ya ce, "Ba ni na aiko kaina ba. An ce gida-gida, kuma ƙidaya za a yi. Abin da zan iya, in sa shi a ayari na biyu, ba na jibi ba. Kwana tara ke nan. Ku yi abin da za ku yi kafin nan."

Da suka fita yaya ya ce, "Ka ji dai. Kwana tara. Daga yau ka daina lallashinsa kamar amarya."

Ni ma hankalina ya tashi. Wanda ya tafi dakon Nasara ba ya sanin ranar dawowarsa, ana iya riƙe shi can a sa shi wani aikin. In na tafi kurkunu bai gama fita ba, na san yaya da kansa zai kama sillen nan, kuma na san abin da zai biyo baya. Ja da ƙarfi ba hanya ba ce. Sai na shiga neman abin da zai sa ya riƙa bayarwa da yawa don kansa.

Da ma na lura da wani abu. Duk ranar da na daɗe ina wanke gyambon kafin in ja, yakan fi saki. Sai na ɗauko ƙoƙo na tara a ƙarƙashin gwiwar, na riƙa zuba ruwan randa a hankali ina kallo. Can sai ga wani farin ruwa yana fitowa daga jikin zaren, daidai bakin gyambon, kamar an ɗiga nono. Ya sauka cikin ƙoƙon ya bazu kamar hayaƙi. Da ya gama zuba na kama sillen, sai na ji zaren ya yi laushi, ya ba ni gaɓa biyu ba gardama.

Na sake zuba ruwa nan take, bai fid da komai ba. Da azahar na dawo daga gona musamman na gwada, ya sake zubowa. Washegari na gwada da ruwan da ya sha rana ya yi ɗumi, sai kaɗan ya fito. Na koma na randa mai sanyi, ya zubo sosai. Na fita da ƙoƙon cikin hasken rana, na riƙe shi ƙam har ruwan ya natsu, na ƙura ido. Wallahi sai na ga kamar farin nan yana motsi da kansa, alhali ruwan a tsaye yake. Na kira matar yaya ta duba.

Tsakanina da ita akwai wasa, kamar yadda yake tsakanin kowace mace da ƙanin mijinta. Ta leƙa ta ce, "Ni dai ruwan wankin ƙafa na gani. In yunwa kake ji, ƙaramin miji, faɗa mini in dama maka fura, kada ka sha wannan."

Na kai wa wanzami labari. Ya ce ai sananne ne, ƙishirwa gare shi, in ya sha ruwa ya ƙoshi sai ya yi amai, jikinsa ya mutu. Shi ya sa masu shi ke zuwa tabki. Da na dawo ina ba yaya labari, sai muka ji muryar inna daga bayan zana, kamar da kaji take magana.

"Ruwan ƙoƙo me zai yi wa mutum. Da a ce ana jin maganata, da an kai mai ƙafar tabki."

Na aro jakin maƙwabcinmu. Kowace safiya in ɗora yaya a kai, in riƙe ƙafar kada ta yi lilo, mu tafi tabkin da ke kusa da gonarmu. Ba mu kaɗai ba ne. A bakin ruwan nan za ka tarar da mutum biyar ko shida a jere, kowa ya tsoma ƙafarsa, ana hira, ana gwada tsawon abin da kowa ya naɗe kamar masu gwada doya. Wani tsoho da nasa ya fito a ƙafa biyu yakan ce shi ne sarkinsu, duk sabon zuwa sai ya kai masa gaisuwa. Yaya yana sa gwiwarsa cikin ruwan sai ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi." A nan kaɗai zafin ke barinsa. Taki kaɗan daga wurin, mata na cika tuluna za su kai wa masu noma. Ni ma in na gama ja nakan matsa gefe in kore ganye da bayan hannu, in kamfata in sha, sannan in mai da shi gida in dawo gona.

Sai da furfura ta fara fito mini, bayan na shiga ajin manya na koyon karatu da rubutu, na san abin da na gani a ƙoƙon nan. Wata rana mushenmu, wato malamin ajin, ya gayyato wani ma'aikacin likita. Ya zo da ruwan tabki a kwalba da wani madubi mai ƙara girman abu, muka riƙa dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da ido ke gani garau, ashe cike yake da ƴan mitsi-mitsin ƙwari suna tsalle. Ya ce kurkunu ba jijiya ba ce, tsutsa ce, kuma mace. Farin ruwan da take zubarwa ƴaƴanta ne. Ƙwarin nan su ke haɗiye su, mutum ya sha ruwa ya haɗiye ƙwarin, tsutsar ta yi ta girma a jikinsa bai sani ba, sai shekara ta zagayo ta nemi fita. Ya ce shi ya sa ta fi son ƙafa, don ƙafa ce ke shiga ruwa. Zafin nan ma da ke sa mutum neman ruwan sanyi, shi ne ke kai ta inda take so. Maganin abin kuwa, a tace ruwan sha da ƙyalle mai ƙaramin ido, kuma mai kurkunu kada ya sa ƙafa inda ake ɗiba.

Ƴan ajin suna ta tambaya, ni kuwa tabkinmu na tuna. Ashe kwana bakwai na yi ina kai iri tabki a kan jaki. Daminar da ta biyo bayan waccan, ni ya fito mini a idon sawu, inna kuma a ƙwauri, ita da ta ce ba a san shi a danginta ba. Ba zan iya cewa na yaya ne muka sha ba, masu tsoma ƙafa suna da yawa. Ban kuma ga laifin kowa ba. Mutum na ƙuna, ga ruwa, wa zai hana shi? Da tausayi muka yi, da abin da muka sani.

Tabkin dai ya yi mana abin da muka je nema. Sillen ya yi kauri, har wanzami ya sauya mana wani. Amma ran kwana na takwas cikin taran da dogari ya ba mu, da ya zo ya shafa cinyar yaya, sai ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Na ji abu kamar tsirkiya a ƙarƙashin fata, ya yi sama ya lanƙwaso.

Ya ce, "Da saura. Kamu guda, ko fiye."

Washegari da hantsi za mu tashi. Da la'asar na zauna jan ƙarshe a rumfa. Na zuba ruwa, ya zubar da farinsa, na murza, ya ba ni gaɓa guda ya cije.

Yaya ya ce, "Ci gaba."

"Ya tsaya, Yaya."

"Na ce ka ci gaba. Gobe in ka tafi wa zai yi? Gara ya tsinke a hannunka da ya tsinke a nawa. Ja."

Ban taɓa ƙin maganarsa ba tun rasuwar mahaifinmu. Kuma ni ma zuciyata tana ce mini wataƙila in na ƙara kaɗan zai saki gaba ɗaya, an sha yin haka. Na ƙara rabin murɗa. Na ƙara wani. Yaya ya cusa tsumma a baki.

"Saki. Zai tsinke."

Matar yaya ce. Tana zaune a ƙofar madafa da mazarinta tana kaɗi, ashe idonta na kanmu. Na mai da sillen baya da sauri. Zaren ya ɗan koma, ya yi kauri kamar da.

Na ce, "Ta yaya kika sani daga can?"

Ta ce, "Ba ka ga ya sirance ya yi haske ba? Haka zare ke yi in zai rabu. Tun ina shekara bakwai nake kaɗi. In na tsinka, gwaggona ta buge mini hannu da mazari."

Na ajiye ƙafar. Na ce, "Yaya, ga wadda za ta ja maka."

Ya fid da tsumman daga baki ya ce, "Na riga na faɗa. Ba mace."

Matar ta ce, "Maigida, kana tsammani ban ji ka? Zana ce fa tsakaninmu, ba katanga ba. Kwana goma sha huɗu ina jin duk zagin da kake yi wa wannan bawan Allah. Har na koyi waɗanda ban sani ba."

"Ke, kama bakinki."

"Na kama. Ba ni ƙafar."

Ya juya fuska. Sai ga inna ta fito daga ɗakinta da ƙwarya a hannu, ta bi ta gabanmu kamar za ta rumbu, ba ta dubi kowa ba. Da ta zo daidai rumfar ta tsaya tana gyara ɗaurin zanenta, ta ce wa iska:

"Wanda na sani da ya fi kowa girman kai a gidan nan yana kabari, shi ma da ciwo ya kama shi mace ce ta riƙe shi. Ni dai ban haifi mai tufkar igiya ba."

Ta wuce. A iya sanina wannan ce magana mafi kusa da ta taɓa yi masa. Yaya ya daɗe yana kallon rufin rumfar. Can ya ɗaga ƙafar da hannu biyu, ya juya ta wajen matarsa.

Na nuna mata yadda ake zuba ruwan, da yadda ake jira farin ya gama fita, da yadda ake ɗaure sillen. Jan kuwa ban koya mata ba. Ta riƙe sillen tsakanin yatsa biyu kamar yadda take riƙe mazari, ta ɗan juya shi ta saurara, ta ce, "Yau ya gama bayarwa. Ka wahalar da shi." Ta shafa man shanu ta ɗaure.

Da hantsi muka tashi, mu wajen talatin, kowa da buhun gero a ka. Kwana uku muka yi a hanya. Da muka sauke a Damagaram ba a sallame mu ba, aka sa mu ɗibar duwatsu na wani gini. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, kowa na zamanin ya san shi. Abin da na sani, ko ina ɗauke da dutse hankalina na rumfar nan. In na ga mutum yana jan ƙafa a titi sai gabana ya faɗi. Ba mai zuwa daga gida balle in tambaya.

Ran kwana na goma sha bakwai da tafiyata na shigo Matameye, ana kiran la'asar. Na tarar da matar yaya tana daka a tsakar gida. Rumfar ba kowa, an naɗe tabarmar.

Na ce, "Ina yaya?"

Ta ce, "Ba sallama, ba gaisuwa? Haka Nasara ya koya maka?"

"Don Allah, matar yaya."

Ta dube ni, ta ga yadda na rame, sai ta sassauta murya. Ta ce kurkunun ya fita duka, kwana shida da suka wuce, har ɗan ƙugiyar wutsiyarsa, wanzami ya duba ya tabbatar. Amma gwiwar ta kumbura bayan tafiyata, wataƙila saboda jan ranar nan, har sai da aka yi sakiya aka fid da mugunya. Tun daga nan yaya yana takawa da sanda, ƙafar a miƙe, yana tsoron lanƙwasa ta. A zaune yake salla. Danginta sun zo sun yi mana gayya sun nome rabin gonar.

Ta ce, "Yau ne ya ce zai gwada masallaci. Yanzu ya fita."

Na yi alwala a gaggauce na bi shi. Na tarar an tayar, na shiga sahun baya. Yana gabana, sahu guda tsakaninmu, sandarsa a jingine da bango. Liman ya yi kabbara, aka yi ruku'u, ya duƙa lafiya, wannan ba ya buƙatar gwiwa. Aka ɗago. Aka yi kabbarar sujada, mutane suka sauka, shi yana tsaye. Ni ma na tsaya.

Ya fara kai hannu ƙasa, na hagu, sannan na dama. Ya sauke gwiwar hagu. Ta dama tana miƙe a bayansa. Na ga ya ja numfashi, ya jawo ta a hankali, a hankali, tana lanƙwasuwa, har ta taɓa yashi. Ya kai goshi ƙasa.

A zaman tahiya bai iya zama a kanta sosai ba, ya ɗan karkatar da ita gefe, kuma haka ya yi ta zama har ƙarshen ransa. Amma ta lanƙwasu, kuma da ita ya yi noma na biyu a wannan daminar.

Da aka sallame ya waiwayo ya gan ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Hawainiya, sai yanzu? Hannunta ya fi naka, ka sani."

Na ce na sani.

Ya miƙo hannu na tashe shi. Na ce ya yi gaba ina zuwa. Na koma gefe na sake sallar, don ta farkon ban san abin da na karanta a cikinta ba.